Kwana a ƙarƙashin tamfol: yadda makiyayan Rumbu ke tsira daga ruwan marka

Hadarin damina a arewacin Dakoro ba ya zuwa a ɓoye. Da la'asar sakaliya za ka ga gabas ta yi ja, can kuma ta yi baƙi ƙirin. Iskar da ta wuni tana busowa daga kudu maso yamma sai ta ɗauke cak, shanu su ɗaga kai su bar kiwo. Daga wannan lokaci abin da ya rage tsakaninka da ruwa bai fi a dafa shayi a sha ba. Ƙura ce ke fara isowa, ta turnuƙe ko'ina har ba ka ganin wanda ke gabanka, a bayanta iska mai sanyi, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Mai ɗakin ƙasa ya ja ƙyaure ya zauna. Wanda ke mashekari, a fili, da 'ya'ya da 'yan maruƙa da buhun gero guda, shi ne wanda na zo dubawa.

Rumbu ƙaramar hukuma ce a gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, a gefen kwarin Tarka, inda gonar gero ke ƙarewa makiyaya ta fara. Tun shekarar 1961 dokar Nijar ta shata iyakar noma daga arewa, kuma wannan yanki yana bakin iyakar ne. Hausawa manoma, da Buzaye, da Fulani, ciki har da Woɗaaɓe da ake kira Bororo, duk suna haɗuwa a nan, a bakin rijiya da kuma kasuwar Sakabal. Da shuka ta tsiro a kudu, garke kan bi burtali ya hauro arewa don kada ya yi ɓarna, wasu su tsaya a Tarka, wasu su wuce Bermo da Gadabeji, masu nisan zango har Ingal wajen lasar gishiri a watan Satumba. Ke nan a daidai watannin da ruwa ya fi ƙarfi, Yuli da Agusta, iyalai da yawa ba su da wani rufi sai wanda jaki ko raƙumi zai iya ɗauka.

Wanda bai san wurin ba zai ce ai ƙasar ba ta da ruwa. Gaskiya ne abin da ke sauka a shekara galibi bai wuce milimita 300 zuwa 400 ba. Sai dai ba a hankali yake zuwa ba. Kaso mai tsoka na ruwan shekara na iya zuba a dare uku ko huɗu. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita. Tamfol irin na agaji, mai mita 4 da mita 6, idan aka yi ruwan milimita 40 a kansa, lita 960 ke nan ta sauka, kusan tano biyar, nauyin da ya doshi tan guda. Duk wannan ruwa dole ya samu hanyar wucewa. In ba ka yi masa hanya ba, zai yi wa kansa, kuma ta kan shimfiɗarka zai bi.

Na koyi wannan ne da jikina. Wata damina dare ya riske ni a wani mashekari tsakanin Rumbu da Tarka, da ni da abokin tafiyata, muna da tamfol sabo da igiya. Muka ga wani wuri mai laushi, ƙasa a shafe babu ƙarangiya, muka ɗaure igiya daga wata aduwa zuwa turke, muka yafa tamfol a kai, muka shimfiɗa tabarma a ƙasa. Matar mai zangon, dattijuwa, ta zo ta duba, ta nuna mana gabas, ta nuna ƙasar da muke kai, ta ce mu matsa sama. Gajiya ta sa muka ce da safe. Tsakar dare ruwa ya zo. Da farko iska ta shigo ta bakin da muka bari a buɗe ta gabas ta kumbura tamfol kamar salka, turke ɗaya ya tuge. Muka riƙe da hannu. Sai tsakiyar ta yi ciki, ruwa ya taru har tana taɓa kanmu. Sannan na ji ɗigo a wuyana, na haska tocila, na ga ba huda ba ce, ruwa ne ke gangarowa ta jikin igiyar daga itacen yana shigowa har ciki. Na ƙarshe kuma shi ya fi muni: ƙasar nan mai laushi ashe kwanciyar ruwa ce, laushin nata ma ruwan bara ne ya shafe ta. Kafin asuba tabarma na iyo.

Da gari ya waye na je gaishe ta. Na ce, "Ina kwana, Inna? Yaya ruwa?" Ta ce, "Ruwa ya yi gyara, ɗana." Tana zaune a kan gado, jikokinta biyu na barci a bayanta, zanensu a bushe, ta riga ta hura wuta da itacen da ta ciro daga ƙarƙashin gadon. Nata rufin tsohuwar leda ce mai faci, ba ta kai rabin tamfol ɗinmu kyau ba. Tun daga ranar na daina kallon rufi, na koma kallon yadda aka kafa shi.

Abu na farko da ta fi mu shi ne zaɓen wuri. Makiyayi ba ya sauka a gindin kwari da damina, ko da ciyawar can ta fi kyau, domin ruwan da ya sauka a tudu can zai tarar da shi, wani lokaci ma ruwan da aka yi a wani wuri mai nisa. Ba ya kuma hawa ƙololuwar jigawa, inda iska ta fi duka kuma aradu ta fi faɗawa. Kafaɗar tudu yake nema, ƙasa mai rairayi da ke shanye ruwa nan take, mai ɗan gangare. Fako da laka suna riƙe ruwa a sama. Ƙasa kuma tana faɗin tarihinta ga mai ido: inda ka ga kashin awaki da karare sun taru a layi ɗaya, nan ruwa ya ajiye su, nan kuma zai sake bi. Itace guda tilo a fili yana jan baƙo saboda inuwa da wurin ɗaure igiya, amma shi ne wurin da ya fi haɗari idan ana tsawa. Gawo ma, da ake ganinsa ƙato, da damina yake zubar da ganye, ba shi da abin tare maka ko yayyafi.

Sai kuma inda rufin zai fuskanta. Ba banza ba ne tantin Buzaye ke buɗe ƙofa yamma, kuma gidan matar Bororo ke ba gabas baya da shingen rassa. Manyan hadura a wannan ƙasa daga gabas suke tasowa su yi yamma. Don haka gefen gabas na tamfol ƙasa ake kai shi, a danne da rairayi ko a binne bakinsa, kada iska ta sami inda za ta sa hannu. Gefen yamma ake ɗagawa. Wanda ya juya wannan tsari ya yi wa iska buhu.

Gadon shi ne zuciyar al'amarin. Matan Woɗaaɓe da na Buzaye suna yawo da gado na sanduna da ake harhaɗawa a kan ƙafafu, a warware shi a ɗora wa jaki idan za a tashi. Baƙo zai ga kamar wahala ce ɗaukar wannan kaya a kowane zango. Amma ɗaga jiki taƙi biyu daga ƙasa shi ke raba kwana da zaman tsugune. Ruwan da ya kwararo ya wuce ta ƙasa. Kunama da maciji, waɗanda ruwa ke korowa daga ramukansu su nemi wuri busasshe, ba su tarar da kai a hanyarsu ba. Ƙarƙashin gadon kuma ya zama rumbu: itacen girki, buhun gero a kan dutse ko gungume, takalma, har ɗan akuyar da aka haifa jiya. A kan gadon ake lanƙwasa sanduna kamar baka a yafa rufi, ya zama ƙaramin ɗaki mai ƙusumbi wanda ruwa ba ya samun wurin zama a kansa.

Wannan ƙusumbin shi ne abin da mu muka rasa. Tamfol da aka shimfiɗa kwance kamar rumfar kasuwa inuwa yake bayarwa, da ruwa ya zo sai ya zama tafki a sama da kanka. Dole tsakiya ta yi tsayi sosai, gefuna su zubo da gangare mai kyau, kuma a ja shi ya miƙe tsam, babu tattara. Masu aikin agaji suna ba da shawarar gangaren ya kai digiri 30 ko fiye. A idon mai kafawa, ya yi kama da jinkar bukka. Idan babu dogon itace, gwafa biyu da sanda a kansu sun isa, amma a naɗa tsumma a kan gwafar don kada ta huda rufin idan iska ta yi ta gogawa. In tamfol biyu za a haɗa, na sama ya hau kan na ƙasa da faɗin tafin hannu uku ko huɗu, yadda ake jera jinka.

Wurin ɗauri nan ne yawancin tamfol ke mutuwa. Zobban ƙarfen da ke bakin na kasuwa ba sa jure iskar Agusta, da ɗaya ya yage sai yagewar ta bi ta tafi. Huda shi da wuƙa a zura igiya ya fi wannan muni. Dabarar da ta fi ita ce a sa ɗan dutse mai santsi, ko ƙwallon aduwa biyu, a cikin tamfol ɗin, a tattaro shi kamar ƙullin goro, a ɗaure igiya a wuyan ƙullin. Babu huda, kuma jan ya watsu. Turke ma a rairayi ba ya riƙo idan an kafa shi a tsaye. A ɗaura igiya a tsakiyar sanda, a haƙa rami, a kwantar da sandar a binne a tattake. Ko a cika tsohon buhu da rairayi a ɗaure a jikinsa. Igiyar kaba da ta rama suna ƙanƙancewa idan sun jiƙa, har su tuge turke ko su yaga rufi, shi ya sa ake ɗan sassauta musu kafin ruwa, a kuma sake dubawa da zarar ya tsagaita. A ƙarshe a ja ɗan lambatu da hauya a gefen tudu, ya zagayo ya zubar a gangare. Aikin minti goma ne, amma ba a yin sa cikin duhu da ruwa a ka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗigon nan da ya same ni a wuya kuwa, daga baya na gane ba ni kaɗai ya taɓa samu ba. A Amurka da Turai akwai masu fita daji don shaƙatawa, suna kwana a ragar lilo da ake ɗaurewa tsakanin itatuwa biyu, da tamfol a sama. Wannan raga a wajen mutanen tsibiran Karibiyan Turawa suka gan ta a 1492, daga baya ta zama makwancin matuƙan jiragen ruwa. Babbar damuwar masu kwana a cikinta idan ana ruwa ita ce dai wannan: ruwa ya bi jikin itace, ya hau igiya, ya gangaro har cikin makwanci. Maganinsu ɗan zare ne ko tsumma da ake ƙullawa a jikin igiyar, daga ciki kaɗan da bakin rufin, a bar jelarsa tana reto. Ruwa ya zo nan sai ya bi jelar ya ɗiga ƙasa. Wasu kuma kan bi da igiyar ta saman tamfol maimakon ƙarƙashinsa. A Tarka ragar lilo ba za ta yi kasuwa ba, itatuwan sun yi nisa da juna kuma yawancinsu ƙaya ne. Amma tunanin ɗaya ne da na gadon Inna, wato ka rabu da ƙasa, ka karkatar da rufi, ka yanke wa ruwa hanya. Ƙullin tsumman nan kuwa ya dace da duk wanda ya ɗaure igiyar gidan sauro ko ta shanya daga waje zuwa cikin rumfa.

Kafin leda ta zo, mutanen nan ba a jiƙe suke kwana ba. Tantin fata na Buzaye ana ɗinka shi da fatun awaki da tumaki da aka jeme, a shafe da man shanu da jar ƙasa har ruwa ya riƙa zamewa a kai, kuma mace ce ke da shi, da shi take shiga aure. Wasu Buzayen tabarmin kaba suke jerawa a kan bakunan itace. Manomi Bahaushe da ke kwana a gona yana da bukkar kara da zana, makiyayi kuma da malfa da kabido na kaba da yake kifawa tun daga ka har gwiwa. Waɗannan duka suna numfashi. Leda ba ta yi. Idan ka rufe ta ruf ta ko'ina, numfashin mutum biyar da zafin jikinsu zai taru a ciki ya koma raɓa, da asuba ta riƙa ɗigo, ka rantse yoyo ne. Da rana kuma ciki ya zama tanda. Shi ya sa masu wayo ke barin kafa a yamma ko da ana ruwa, su kuma sa tabarma ko zana tsakanin kansu da ledar. Wanda ya ɗora zana a sama ma ya ƙara wa tamfol kwana, domin ba ruwa ke cinye shi ba, rana ce ke gasa shi har ya riƙa marmashewa.

Ban ga laifin wanda ya bar fata ya koma leda ba. Tantin fata yana cin fatu da yawa da aikin mata na watanni, kuma farin 1973 da na 1984 sun raba iyalai da dama da garken da zai ba da fatun. Tamfol ba shi da nauyi, ana samunsa ranar kasuwa, kuma yana da wata kyauta da fata ba ta bayarwa: a sauke kusurwa ɗaya a tara jarka, bayan ruwan farko ya wanke ƙura, a sami ruwan sha a ƙasar da rijiyoyinta ke da zurfin gaske. Abin da ke damuna shi ne ingancin abin da talaka ke iya saye. Siririyar ledar da hasken tocila ke ratsawa ba ta kai ƙarshen damina, badi a sake saye, yagaggun kuma su watsu a makiyaya dabbobi su haɗiye.

Jiƙewa a nan ba ƙaramin abu ba ne. Bayan hadari sanyi kan sauko farat ɗaya, yaron da ya kwana da jiƙaƙƙiyar riga kan tashi da tari da zazzaɓi, likita kuma tana da nisa. Watannin marka kuma su ne na sauro, waɗanda ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin masassara, kuma yaran mashekari su ne aka fi wuyar samu. Gidan sauro kansa ba ya ratayuwa sai da rufin da ke tsaye. Dabbobi ma jiƙewa na cutar da su. A 2010, bayan rani mai tsanani da rashin ciyawa, ruwan farko ya sauka a kan dabbobin da yunwa ta riga ta kayar, makiyayan arewacin Dakoro suka yi asara mai yawa. Shi ya sa uwar gida ke ƙulle tufafin yara, da ashana, da wayar salula, da katin rigakafi a leda tun da rana, ta kuma jawo 'yan raguna kusa da gado.

An yi wani ƙoƙari a yankin da ya kamata a tuna. Ƙungiyar CARE, tare da ƙungiyar makiyaya ta AREN, ta gudanar da shirin sabawa da sauyin yanayi daga 2010 a ƙananan hukumomin Rumbu, Azagor, Bader Gula da Soli Tagris, inda aka kafa ma'aunin ruwan sama a ƙauyuka, mutanen gari da kansu ke karantawa su aika da adadin. Amfaninsa na farko ga manomi ne, ya san ko ƙasa ta sha isasshen ruwan shuka. Amma adadin nan da ake karantawa da safe shi ne dai nauyin da rufin makiyayi ya ɗauka da dare.

Yanzu kuma kwanan tamfol ya wuce makiyaya. Daminar 2024 ta nuna haka. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum kusan 400 suka rasu a faɗin Nijar, fiye da miliyan 1.5 ambaliya ta shafa, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. A Damagaram tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Har komawa makaranta aka ɗage daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Dubban iyalai da ɗakunansu suka faɗi sun wayi gari a fili, mutanen da ba su taɓa kafa rumfar kwana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma wanda ɗakinsa ya zube aka miƙa masa tamfol a ninke bai san ta inda zai fara ba. Sai ka ga an shimfiɗa shi kwance a kan ragowar bango, an danne da bulo, tabarma a ƙasa, ruwa na biyu ya zo ya ƙarasa abin da na farko ya bari.

Masu agaji sun san tamfol shi kaɗai rabin taimako ne. Kayan matsuguni na ƙungiyar Red Cross, yadda aka tsara su, tamfol biyu ne tare da igiya, ƙusa, waya, shebur, fartanya, adda, zarto da guduma. Haka ya kamata ya riƙa isa hannun mutane, a haɗa da gidan sauro, da sanduna a ƙasar da itace ya yi wuya, da abin ɗaga shimfiɗa daga ƙasa. Ya kamata kuma ya iso Dakoro tun watan Mayu ko Yuni a ajiye, kafin hanyoyin ƙauye su yanke, maimakon a tashi nemansa bayan gidaje sun faɗi.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin Rumbu da maƙwabtanta, da sarakunan gargajiya, da kwamitocin da ke rabon kayan, roƙona ɗaya ne. Ranar da za ku raba tamfol, ku aika mashekari mafi kusa a gayyato mata biyu ko uku daga cikin masu kafa gado a kowane zango, a biya su ladan wuninsu, su kafa guda ɗaya a gaban jama'a tun daga zaɓen wuri har jan lambatu, kowa ya gani kafin ya ɗauki nasa.